Batirin Taraktar da Ke Zaman Rumfa: Caja, Sola, Ko Tayar da Inji Duk Juma'a?

"Assalamu alaikum. Malam, Allah ya ƙara basira. Ni manomi ne a wani ƙauye kusa da Ringim. Ina da tarakta Massey Ferguson 375 da a-kori-kura guda ɗaya. Taraktar tana aiki daga faɗuwar damina har a gama huɗa, sai ɗan dakon amfanin gona da kaka, daga nan ta shiga rumfa sai baɗi. Motar kuwa wani lokaci takan yi wata biyu ba ta motsa ba. Shekara uku ke nan a jere ina sayen sabon batir. Yarona yana tayar da su duk ranar Juma'a na minti goma, amma duk da haka idan ruwa ya sauka sai mu tarar batir ya mutu. Wani ya ce in sayi caja in bar ta a jone, wani kuma ya ce caja ce ke ƙona batir. Wuta a garinmu sai a yi kwanaki ba a gan ta ba. Ina mafita?"

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Alhaji, Allah ya amfana noma, ya sa a girbe lafiya. In na fahimce ka, abu biyu kake tambaya: me ke kashe batirin da ba a aiki da shi, sannan wace dabara ce za ta riƙe shi da rai wata shida ko bakwai a garin da wuta ba ta zama. Ni aikin wayar mota nake yi, abin da aka fi sani da rewaya, na kuma haura shekara ashirin a kai. Duk shekara, da hadari ya fara haɗuwa a gabas a ƙarshen watan Mayu, sai ƙofar shagona ta cika da batura, wani an ɗauro shi a bayan babur da roba, wani a amalanke, kowa yana cewa a yi masa sauri gona na jira. Mafi yawansu ba tsufa ya kashe su ba. Wasu ko shekara ba su rufa ba, takardar da ke jikinsu ma ba ta koɗe ba. Zama da yunwa ne ya gama da su.

Wanda ya ce ka sayi caja ya faɗi gaskiya, wanda ya ce caja na ƙona batir shi ma bai yi ƙarya ba, don ba a kan caja iri ɗaya suke magana ba. Amma bari mu fara leƙa cikin batirin tukuna, don in ka san abin da ke faruwa a ciki, kai da kanka za ka ware shawara mai kyau daga ta teburin mai shayi.

Abin da ke faruwa a ciki yana zaune

Batirin tarakta da na mota ɗakuna shida ne a jere, kowane ɗaki da farantan dalma a nutse cikin ruwan asid, kowanne yana ba da bolt 2.1. In ka haɗa, cikakken batir da ya huta yana nuna bolt 12.6 zuwa 12.7 a mitar auna wuta. Wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ne ya ƙirƙiro irinsa a 1859, kuma duk gyare-gyaren da aka yi masa tun daga lokacin ba su raba shi da halinsa guda ɗaya ba: duk sa'adda wuta ta fita daga cikinsa, asid yana kama jikin farantai ya zama wani farin gishiri. In aka yi caji da wuri, gishirin ya narke ya koma ruwa, batir ya dawo daidai. In aka bar shi ya yi makonni ko watanni, sai ya daskare ya yi tauri, kamar yadda ragowar siminti ke kama kwanon magina in ba a wanke shi ranar ba. Duk wurin da ya daskare a kan faranti ya daina aiki. Shi ya sa za ka kai batir caji, ya nuna ya cika cikin awa ɗaya, ka ɗora a tarakta ya yi "kyat-kyat" ya yi shiru. Ya cika ɗin, amma cikinsa ne ya tsuke, randa ta koma moɗa.

Lambobin nan nake so ka riƙe, don su ne za su zama idonka. Bolt 12.6 cikakke ne. Bolt 12.4 saura kamar kashi uku cikin huɗu. Bolt 12.2 rabi ne. Bolt 12.0 saura kwata, ƙasa da haka kuma ya ƙare. Mutane da yawa in sun ga 12 a mita sai hankalinsu ya kwanta, wai ai batirin bolt 12 ne. Alhali batirin da ke nuna 12.0 yana bakin rami. Daga 12.4 zuwa ƙasa gishirin nan yake fara zama da gindinsa.

To ina wutar take zuwa tunda ba a tayar da inji? Da farko, batir yana zubar da wutarsa da kansa ko da ba a jona masa komai ba. A wuri mai sanyi-sanyi, kamar digiri 25, yakan rasa kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari a wata. Duk ƙarin zafi na digiri 10 kuwa yana kusan ninka wannan asarar. Ka tuna yadda Ringim take a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40 a inuwa, balle ƙarƙashin rumfar kwano da tsakar rana, ga batir a cikin akwatin ƙarfe. Abin da littafin masana'anta ya ce zai kai wata shida, a nan wata biyu ya isa. Mutanenmu sukan ɗora wa sanyin hunturu laifi, don da asubar Disamba ne inji ke ƙin tashi. Gaskiyar ita ce zafi ne ke cin batir, sanyi kuwa tona asiri kawai yake yi: man inji ya yi kauri, dizal ya yi nauyin kamawa, batir ya rage ƙarfi, sai raunin da bazara ta bari ya fito fili.

Na biyu, akwai ɓarayin wuta. A mota, rediyo da agogo da ƙwaƙwalwar inji da na'urar tsaro duk suna tsotsa kaɗan-kaɗan ko an zare makulli. Mu ɗauka amfiya (ma'aunin yawan wutar da ake ja) 0.03 kawai suke ja, wanda ba laifi ba ne a motar zamani. A kwana ɗaya, wato sau awa 24, ya zama 0.72, a wata ya haura 21, a wata biyu ya haura 43. In batirin a-kori-kurarka mai 75 ne, wato lambar girmansa (Ah) da ke rubuce a jikinsa, ka ga fiye da rabi ya tafi tun ba a lissafa abin da zafi ya ci ba. Tarakta irin taka ba ta da waɗannan tarkacen sosai, amma tana da nata: altaneta, wato na'urar da ke cajin batir in inji na aiki, in ta fara lalacewa tana iya jan wuta ta baya cikin dare, ga fitilun da ake ƙarawa ana ɗaura waya kai tsaye a kan batir, ga ɓeraye, musamman in rumfar tana kusa da rumbu, suna gaigaye rigar waya har ta taɓa ƙarfe.

Akwai ɓarawo na uku da ba a cika kula da shi ba, wato dattin saman batir. Ƙurar hunturu ta zauna, ta haɗu da gumin asid, raɓa ta jiƙa ta, sai ta zama hanya tsakanin kawunan biyu. Nakan nuna wa masu kawo mini aiki da idonsu: in ɗora tsinken mita ɗaya a kan baƙin kan batir, mai alamar ragi, in ja ɗayan a kan robar saman batir, ba tare da na taɓa ɗaya kan, wato jan kai, ba, sai ka ga mita tana nuna bolt biyar, bolt bakwai. A kan roba! In wanke in goge ya bushe, in sake gwadawa, ta koma sifiri. Af, maganar da ake yi cewa in ka ajiye batir a kan siminti ƙasa za ta shanye wutarsa, wannan ta zamanin da ce, lokacin da jikin batir ba irin robar yanzu ba ne. Duk da haka ni ma a kan katako nake ɗorawa, saboda laima da ruwan da ke shiga ɗaki da damina.

Tayar da inji duk Juma'a

Yaronka yana da niyya mai kyau, amma ka ce ya daina. Kik ɗin injin dizal yana jan ɗaruruwan amfiya a lokacin da yake juyawa. In injin ya kama nan take, minti goma na iya biyan abin da kik ya ci, shi ke nan. Ba zai biya bashin mako guda na zama ba, balle tsohon bashin da ke kai. In kuwa sai da aka murza sau uku ko huɗu kafin ya kama, to duk Juma'a ana ɗiba ne fiye da abin da ake mayarwa. Ga shi kuma altaneta ba ta ba da cikakken ƙarfinta in inji yana silo, wasu ma ba sa fara caji sai an ɗan ba da wuta fitilar caji ta mutu. Sannan batirin dalma yana da wata ɗabi'a: kashi 20 na ƙarshe a hankali yake karɓa, sai an yi awanni, ko da kuwa me ka jona masa. Wannan kason na ƙarshe shi ne ke narkar da gishirin. Don haka batirin da ake ba minti goma-goma bai taɓa ƙoshi ba tun ranar da ya shiga rumfa.

Injin ma ba ya jin daɗin abin. Bai yi zafin da zai kori laima daga cikin mai ba, hayaƙi yana taruwa a salansa, ga dizal da ake ƙonawa a banza da tsadar nan tasa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. In za a tayar, a fita da ita ta yi aiki na gaske, awa ɗaya ko fiye, sau ɗaya a wata, don amfanin inji da taya da birki. Amma kada a lissafa wannan a matsayin cajin batir.

Wace cajar?

Cajar da ke ƙona batir ita ce irin babbar nan mai nauyi ta shagon caji, mai tiransifoma a ciki, wadda ba ta san batir ya cika ba. Tana da amfani ƙwarai, ni ma da ita nake aiki, amma ta mai tsaye ce a kanta. In batir ya cika ba a cire ba, sai bolt ya yi ta hawa ya wuce 15, ruwa ya yi ta tafasa yana fita, farantai su fito tsirara su ci wuta. Irin wannan ba a barin ta a jone ko da kwana biyu. Haka nan ramin bolt 12 da ke jikin wasu ƙananan janareta, shi ma yawanci ba shi da mai tsayar da shi. Na gaggawa ne, awa biyu ko uku kana kusa.

Wadda abokinka na farko yake nufi ita ce ƙaramar caja mai sarrafa kanta. Tana tura wuta har batir ya kai wajen bolt 14.4, ta riƙe shi a nan yana karɓa a hankali har ya ƙoshi, sannan ta sauko ta tsaya tsakanin 13.2 da 13.8, tana mayar da ɗan abin da ke zuba kawai. Irin wannan ana barin ta wata da watanni. In za ka saya, ka sa a gwada maka abu biyu a gabanka. A jona ta da batir, a zare ta daga soket, a mayar: ta ci gaba da aiki da kanta, ko sai an danna maɓalli? A garin da wuta ke zuwa ƙarfe biyun dare ta tafi kafin asuba, cajar da ke jiran a danna mata maɓalli ba ta da amfani. Sannan a duba da mita ko tana jan wuta daga batir in babu lantarki, don akwai masu arahar da ke yin haka, kuma araha ba ta ado. Ka sani kuma yawancin irin wannan caja ba ta kama batirin da ya faɗi ƙasa sosai, sai ta nuna kamar ba a jona mata komai ba. Sai an fara ɗaga shi da babbar caja.

Amma tunda ka ce akan yi kwanaki ba wuta, ni a ganina kuɗinka ya fi amfani a wani wurin.

Rana da muke da ita

Abin da na fi ba mutanen karkara shawara a kai, kuma shi na fi ganin sakamakonsa, shi ne ƙaramin faifan sola mai wat 10 zuwa 20 tare da kwantirola, wato 'yar na'urar da ke shiga tsakanin faifai da batir ta hana caji wuce kima. Lissafin mai sauƙi ne. Faifai mai wat 20 yana ba da amfiya ɗaya da ɗan ɗori in rana ta take, a wuni ya tara wajen biyar. Batirin tarakta mai 100, ko a tsakiyar bazara, abin da yake zubarwa da kansa a kwana bai kai amfiya ɗaya ba. Ka ga faifan ya ishe shi har da rara, ko da ƙura ta rage masa ƙarfi. Ba mai, ba jiran wuta.

Sai dai kwantirolar nan ba ado ba ce. Faifan da ake kira na bolt 12, in ka juya bayansa ka karanta, za ka ga yana kaiwa bolt 21 ko 22 in ba a jona masa komai ba. Wata shekara wani mai noman rani daga fadama ya kawo mini batirinsa a buhu, ransa a ɓace, yana cewa an sayar masa da jabu. Tun kafin in buɗe na ji wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Gefen batirin ya kumbura kamar burodi. Da na kwance murafun na haska tocila, babu ɗigon ruwa a ɗaki huɗu, farantan sun yi fari sun lanƙwashe, ɓarɓashi ya taru a ƙasa. Da na bi diddigi, ashe faifai mai wat 80 ya jona masa kai tsaye da waya biyu, ya bar shi wata uku, yana ganin gata ya yi masa. Batirin ba jabu ba ne, dafa shi aka yi. Na tausaya wa mutumin, don kuɗin kwantirolar da za ta cece shi bai kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin batirin ba.

Wajen haɗawa, batir ake fara jonawa da kwantirola, sannan faifai. Wajen kwancewa kuma faifai ake fara cirewa. A sa fis mai amfiya 5 a kan jar waya, dab da kan batir, don in ɓera ya gaigaya waya fis ya mutu maimakon rumfa ta kama. In kwantirolar tana ba da damar saiti, a zaɓi irin batir mai ruwa, a sauko da bolt ɗin tsayawa zuwa 13.2 ko 13.4, domin lambobin da ke zuwa da ita na digiri 25 ne, batir mai zafi kuwa ƙasa da haka yake so. Faifai a rana, batir a inuwa. Da hunturu a riƙa goge faifan da tsumma duk bayan kwana biyu ko uku. Kowane batir da nasa faifan da kwantirolarsa; kada a haɗa na tarakta da na mota wuri ɗaya, don mai rauni zai riƙa janye mai ƙarfi. In ba hali, faifai ɗaya ya yi mako biyu a nan, mako biyu a can. A riƙa leƙawa kuma, domin in waya ta tsinke ko an ɗauke faifan, kwantirolar kanta tana cin 'yar wuta, a hankali za ta shanye batirin da aka sa ta gadi.

Ga wata magana da sai ka yi haƙuri da ni, Alhaji, don ta shafi cikin gida. Yawancin kwantirolar nan suna da ramin cajin waya. Ranar da yara suka gano shi, rumfar tarakta ta zama shagon caji. Daga waya sai ƙwan fitila, daga fitila sai fanka in zafin Afrilu ya tsananta, wani ma ya ciro batirin gaba ɗaya ya kai ɗaki don kallon ƙwallo. Na san zafin bazara, ban ga laifin mai neman iska ba. Amma batirin tayar da inji farantansa sirara ne masu yawa, an yi shi ne ya ba da wuta mai ƙarfi na daƙiƙu kaɗan a mayar masa nan take. Ba a yi shi don a tatse shi duk dare har fitila ta yi ja ba. Wannan aikin batirin sola ne mai kaurin faranti. In aka tatse na tarakta ƙarƙaf sau da yawa, ko ba zaman rumfa ya gama yawo. A cikin baturan da ake kawo mini da farkon damina, da yawa in na matsa da tambaya sai in ji nan aka bi. Ka tambayi yaronka cikin lalama, wataƙila amsar shekara ukun nan tana wurinsa.

Yadda nake ajiye batir

Ranar da tarakta ta gama dakon kaka, ranar aikin ajiya ke farawa, ba bayan wata biyu ba. A kashe inji, a zare makulli, a cire zobe da agogon ƙarfe daga hannu. Baƙin kai, mai alamar ragi, wanda wayarsa ke kama jikin tarakta, shi ake fara kwancewa, sannan jan kai. Wajen mayarwa ja ne farko, baƙi a ƙarshe. Dalili kuwa, in ka fara da ja sifana ta taɓa ƙarfen jiki, tartsatsin da zai tashi yana iya narkar da ita a hannunka. Cire baƙin kai kaɗai ya kori duk ɓarayin da ke cikin wayoyi, kuma ko kwabo ba ka kashe ba. Ga a-kori-kura, in za ta yi fiye da mako biyu a tsaye, wannan kaɗai ma babban magani ne; abin da za ka rasa bai wuce saitin agogo da tashoshin rediyo ba.

Sai wanki. Jiƙaƙƙiyar kanwa tana kashe kaifin asid, za ka ga tana kumfa a kan farin garin da ke taruwa a kawuna. A toshe murafu da kyau kada ko ɗigo ya shiga ciki, a goge da tsohon buroshi, a ɗauraye, a bar shi ya bushe, a shafa basilin ko giris a kawunan. Sannan a buɗe murafu a duba ruwa. In farantai sun fito, a zuba abin da zai rufe su kawai, a yi caji, bayan ya cika a ƙarasa zuwa kamar santimita ɗaya a saman farantai, don ruwan yana ɗagowa in ana caji. Tataccen ruwan batir kaɗai ake zubawa. Ruwan rijiya, na burtsatse, har fiya-wata, duk suna da gishirin ƙasa da ke lalata farantai. Asid kuma ba a ƙara shi, domin ruwa ne ke tashi ya bar asid a ciki. Masu zubar da ruwan batir su ɗura sabon asid mai ƙarfi suna samun tashi ɗaya ko biyu, daga nan farantai su zube.

Caji na farko a yi shi a hankali, da kamar kashi ɗaya cikin goma na girman batir: mai 100 a ba shi amfiya 10 ko ƙasa. Wanda ya sauka rabi zai ci awa shida zuwa takwas, har fiye. In mai caji ya ce ka dawo bayan awa ɗaya, wuta ya danna masa, ba alheri ya yi maka ba. In jikin batir ya yi zafin da tafin hannu ba ya jurewa, a tsaya ya huce. A yi caji a wuri mai iska, murafu a sassauce, ba taba ba ashana ba murhu a kusa, domin iskar haidurojin da ke fita tana fashewa. Don Allah kuma a bar gwada batir da guntuwar waya don a ga tartsatsi. Batir na iya tarwatsewa a fuskar mutum ta haka. In asid ya fantsama a ido, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta na minti goma sha biyar, a wuce asibiti.

Bayan caji a bar shi ya kwana kafin a auna, don in ka auna nan take zai nuna maka 13 da wani abu, wanda na ɗan lokaci ne. In da safe ya nuna 12.6, ya shirya. A kai shi ɗaki mafi sanyi a gidan, irin ɗakin ƙasa mai rufin azara ya fi na kwano nesa ba kusa ba, inda yara da awaki ba sa kaiwa, a jona masa solarsa. In babu sola babu caja, to ka sayi 'yar mita, ba ta da tsada, ka riƙa aunawa ranar ɗaya ga kowane wata, ka rubuta da alli a bango. Da ya taɓa 12.4 a kai shi caji, kada a jira. Daga Maris zuwa Mayu a riƙa dubawa duk mako biyu. Babbar mota mai batir biyu a jere, wato bolt 24, a raba su a yi wa kowanne nasa. Na babur da adaidaita sahu ƙanana ne. Na babur kada cajinsa ya wuce amfiya ɗaya.

Inda caja ba ta kaiwa

Caja tana tsare mai rai ne, ba ta tayar da matacce. Batirin da ya yi 'yan makonni a ƙasa, caji mai sanyi na kwana ɗaya ko biyu yakan dawo da mafi yawan ƙarfinsa. Wanda ya yi wata biyar a bolt 10, ko ya dawo, rabin kansa ne, kuma ba zan ce ka dogara da shi ranar da mutum goma ke jiran huɗa ba. In bayan caji ya kwana ya tsaya a wajen 10.5, ɗaki ɗaya ya haɗe, babu magani. Haka in an zuƙi ruwan kowane ɗaki da ma'aunin nauyin ruwa, biyar suna wajen 1.26 ɗaya yana can ƙasa da tazarar fiye da 0.05. Gwajin da ya fi faɗin gaskiya shi ne a ɗora mita ana murza kik: in ya faɗi ƙasa da 9.6, ya gaji. Ko da an yi masa duk gatan da na lissafa, batir a zafin ƙasar nan ba ya daɗewa kamar a ƙasashen sanyi. Amma sabo duk shekara ba ƙa'ida ba ce.

In za ka sayi sabo, ka saya gab da fara aiki, ba bayan an gama ba, ka duba ranar da aka yi shi, ka sa a auna a gabanka, don na kanti ma zaune yake yana zuba. Tsohon kuma ka mayar wa masu saye a rufe yadda yake. Kada a fasa shi a gida, kada a zubar da ruwansa kusa da rijiya, kada a narka dalmarsa a tsakar gida. Gubar da ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara a 2010 ta fito ne daga dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje, amma dalmar nan ce dai da ke cikin batir.

Abu ɗaya ya rage wanda sai an taɓa taraktar da hannu. Batir uku a shekara uku yana iya zama zaman rumfa ne kawai, yana kuma iya zama altaneta ba ta cika shi tun tana aiki, ya shiga ajiya da yunwarsa. Ka sa a tayar da ita, a ɗan ba ta wuta, a ɗora mita a kawunan batir: ya kamata ta nuna tsakanin 13.8 da 14.5. In ƙasa da haka ne, a duba bel da altaneta. In ta haura 15, tana dafa shi ne. Sannan a kashe, a zare makulli, a kwance baƙin kai, a mayar da mita ma'aunin amfiya a sa ta tsakanin kan batir da wayar, kada kowa ya taɓa kik. Abin da ya wuce 0.05 akwai ɓarawo, a yi ta zare fis ɗaya bayan ɗaya har lambar ta faɗi, in ba ta faɗi ba a cire wayar altaneta a gani. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka a yi wannan tun watan Afrilu. In ka samu lambobin nan biyu, da abin da batirin ya nuna da safe kafin a taɓa shi, ka aiko mini, sai in faɗa maka ko wanda ke kai yanzu zai kai ka wannan daminar. Allah ya ba mu damina mai albarka.